Bindiga a makarantun Florida: abin da doka ta ce, da 'yancin da ake jayayya a kai

Wata 'yar'uwa da ta koma jihar Florida ta Amurka da maigidanta da 'ya'yansu uku ta aiko da wannan tambaya: "Makarantar yara ta turo mana takarda cewa akwai mai gadi ɗauke da bindiga, kuma za a riƙa yi wa yara atisayen ɓuya ko da ɗan bindiga zai shigo. Na kuma ji ana cewa malami ma zai iya shiga aji da bindiga. Wani abokin aikin maigidana ya ce dokar da aka yi bayan kashe ɗalibai a 2018 ta tauye wa jama'a 'yanci. Me ya hana gwamnati haramta bindigar gaba ɗaya kowa ya huta? Kuma wane 'yanci ake magana alhali ana kashe yara?"

'Yar'uwa, Allah ya raya miki zuri'a, ya tsare su. Na daɗe ina karanta dokokin makamai na jihohin Amurka, na kuma zauna da iyaye baƙi irinki da yawa waɗanda wannan takarda ta hana su barci. Tambayarki uku ce a dunƙule, kuma ta ƙarshen ita ce ta fi damuna, don haka zan fi daɗewa a kanta.

Mu fara da abin da ya hana a haramta. Duk wanda ya taso a Najeriya ya saba da cewa maganar makamai ta gwamnatin tarayya ce ita kaɗai, kuma riƙe bindiga alfarma ce da hukuma ke bayarwa ta hanyar lasisi, ta ga dama ta hana. Shi ya sa da gwamnan Zamfara ya ce mutane su nemi bindiga su kare kansu a 2022, nan take aka tuna masa cewa ba huruminsa ba ne. A Amurka abin a juye yake. Riƙe makami haƙƙi ne da ke rubuce cikin kundin tsarin mulki tun 1791, a abin da suke kira Gyara na Biyu, kuma hukuma ce za ta kawo hujja idan tana son taƙaita shi. Shekaru da dama ana gardama ko haƙƙin na kowane mutum ne ko na rundunar sa-kai ta jiha. A 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli ta raba gardamar da rinjayen alƙalai 5 a kan 4: haƙƙin kowane mutum ne ya ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kai. A 2010, a shari'ar McDonald, ta ce wannan ya hau kan jihohi da birane ma. Sai a 2022, a shari'ar Bruen, ta ƙara cewa haƙƙin ya haɗa da fita da bindiga waje, kuma duk dokar da za ta taƙaita shi dole a nuna tana da makamanciya a tarihin dokokin ƙasar. Wato ba ya wadatar da alƙali a ce masa dokar za ta ceci rayuka, sai an nuna masa cewa magabata sun taɓa yin irinta.

Goge Gyara na Biyu kuwa yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu, sannan jihohi 38 cikin 50 su amince. Babu alamar hakan a kusa. Ko da an yi ma, bindigogin da ke hannun farar hula sun fi yawan mutanen ƙasar: wani ƙiyasi na 2017 ya sa su wajen miliyan 393.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ki riƙe, domin masu kururuwar 'yanci sukan tsallake shi. Alƙali Scalia, wanda ya rubuta hukuncin Heller, ya faɗa a cikinsa cewa hukuncin bai taɓa dokokin da suka hana shiga da makami wurare irin su makarantu da ofisoshin gwamnati ba, haka nan bai taɓa hana masu manyan laifuka da masu taɓin hankali ba. Saboda haka babu wani uba ko baƙo da zai ce tsarin mulki ya ba shi ikon shiga makarantar 'ya'yanki da bindiga a ƙugu.

To me ya sa jihohi ne ke ta yin dokokin? Dalili biyu. Na farko, ikon majalisar tarayya yana da iyaka. A 1990 ta yi dokar da ta hana riƙe bindiga a tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta, sai Kotun Ƙoli ta soke ta a 1995 a shari'ar wani ɗalibi daga San Antonio, ta ce tsaron unguwa da makaranta aikin jiha ne. Sai da aka sake rubuta dokar a 1996 aka ɗaura ta a kan cinikayya tsakanin jihohi sannan ta tsaya. Na biyu, a Majalisar Dattawa kusan kowane ƙudiri sai ya sami ƙuri'a 60 cikin 100. Bayan kisan yara 20 da manya 6 a firamaren Sandy Hook a Disamba 2012, ƙudirin faɗaɗa binciken tarihin mai sayen bindiga ya sami 54, ya mutu. Dokar tarayya mai ɗan nauyi ba ta zo ba sai Yuni 2022, ita ma ƙara bincike kan masu saye 'yan ƙasa da shekara 21 ta yi da ba jihohi kuɗi. Sauran aikin duk yana hannun majalisun jihohi, shi ya sa abin da yake laifi a New York yana iya zama halas a Texas.

Yanzu ga dokar da abokin aikin maigidanki yake kuka da ita. Ranar 14 ga Fabrairu 2018 wani tsohon ɗalibi mai shekara 19 ya shiga sakandaren Marjory Stoneman Douglas da ke Parkland, ya kashe ɗalibai 14 da ma'aikata 3 cikin 'yan mintuna. Bindigar samfurin AR-15 ce, kuma da kansa ya saye ta a shago, bisa doka, yana da shekara 18. Ba a ɓoye yake ba: an sha kiran 'yan sanda a kansa, kuma a farkon Janairun shekarar wani ya buga wa hukumar FBI waya ya ce yaron nan zai iya kai hari makaranta, ba a isar da saƙon ga ofishinsu na Miami ba. Florida jiha ce da 'yan jam'iyyar Republican ke riƙe da ita, kuma an san ta da sassauci kan bindiga. Amma ɗaliban da suka tsira da iyayen mamatan suka cika Tallahassee, babban birnin jihar, cikin mako uku majalisa ta zartar da doka, da ƙyar, 20 da 18 a Majalisar Dattawan jihar. Gwamna Rick Scott ya sa hannu ranar 9 ga Maris.

Dokar ta haɗa abubuwan da kowane ɓangare ke so da waɗanda yake ƙi. Ta ɗaga shekarun sayen kowace irin bindiga zuwa 21, ta sa jiran kwana uku kafin a miƙa wa mai saye, ta haramta wata na'ura da ke sa bindiga ta yi ta ɓarin wuta kamar ta soja. Ta ba 'yan sanda ikon zuwa kotu neman umarnin karɓe makamin mutumin da ake ganin haɗari ne ga kansa ko ga wasu. A ɗaya ɓangaren ta wajabta wa kowace makarantar gwamnati ta sami aƙalla jami'in tsaro ɗaya mai makami, ta kafa shirin horar da ma'aikatan makaranta su riƙe bindiga, wanda aka sa wa sunan Aaron Feis, mai horar da 'yan ƙwallo da ya mutu yana kare ɗalibai da jikinsa. An ware wajen dala miliyan 400 don tsaro da kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibai. Takardar da kika samu 'yar wannan dokar ce.

A ranar da aka sa hannu ƙungiyar masu bindiga ta NRA ta shigar da ƙara kan maganar shekara 21. Hujjarsu ba ta banza ba ce, kuma bai kamata mu yi kamar ba mu ji ta ba. Ɗan shekara 18 a Amurka baligi ne a idon doka: yana zaɓe, yana aure, yana shiga soja, ana yanke masa hukuncin manya. Suka ce ta yaya za a ɗauke wa dubban ɗaruruwan matasa haƙƙin da tsarin mulki ya ba su saboda laifin mutum ɗaya? Suka kawo misalin matashiyar da ke zaune ita kaɗai da jaririnta a unguwa mai hatsari. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke kula da Florida ta zauna da cikakkun alƙalanta a Maris 2025 ta tabbatar da dokar, bisa hujjar cewa a zamanin da aka rubuta tsarin mulkin ɗan ƙasa da shekara 21 yaro ne da ba ya iya ƙulla ciniki da kansa. Amma wata kotun ɗaukaka ƙarar, mai kula da Texas da Louisiana, ta yanke akasin haka a kan wata dokar tarayya mai kama da ita a Janairun shekarar. Majalisar Wakilan Florida ma ta sha zartar da ƙudirin maido da shekarun 18, Majalisar Dattawan jihar ce ke ƙin ɗauka.

Ni a nawa ganin dokar shekarun tana kan daidai, kuma abin da ta ɗauke kaɗan ne. Saye ta hana, ba ta hana mallaka ba. Uba zai iya ba ɗansa mai shekara 19 bindigar farauta kyauta, kuma an keɓe sojoji da 'yan sanda. Abin da ta toshe shi ne matashi ya shiga shago shi kaɗai, ba da sanin kowa ba, ya fito da makamin da zai kashe mutum goma sha bakwai. Wanda ya kashe yara 19 da malamai 2 a Uvalde ta jihar Texas a Mayu 2022 ma jira ya yi ya cika 18, cikin kwanaki ya sayi bindigoginsa. Da Texas tana da irin dokar Florida, da shagon bai sayar masa ba.

Umarnin karɓe makami shi ne ya fi tayar da jijiyar wuya, don haka bari in bayyana yadda yake aiki. A Florida 'yan sanda ne kaɗai ke iya nema, maƙwabci ko tsohuwar mata ba za su je kotu kai tsaye ba, ko da yake a wasu jihohin dangi na iya nema. Idan lamarin na gaggawa ne alƙali zai iya ba da umarnin wucin gadi ba tare da ya ji daga bakin mutumin ba, a je a karɓi makaman. Sannan dole a zauna cikin kwana 14, mutumin ya zo ya kare kansa, kuma sai an kawo hujja bayyananniya mai gamsarwa kafin a tsawaita umarnin, wanda ba ya wuce wata 12 sai an sake komawa gaban alƙali. Masu suka suna cewa an hukunta mutum kafin ya aikata komai, an karɓe dukiyarsa kafin a saurare shi, kuma da yake ba shari'ar laifi ba ce, gwamnati ba ta ba shi lauya kyauta. Wannan na ƙarshen gaskiya ne, kuma gibi ne da ya kamata a cike, domin talaka ne ke zuwa gaban alƙali shi kaɗai. Amma asalin tsarin ba baƙo ba ne a shari'a. Haka ake yi wa mijin da ke dukan matarsa: a fara raba su, sannan a saurari kowa. Kotun Ƙoli kanta, a shari'ar Rahimi ta 2024, da rinjayen 8 a kan 1, ta ce ana iya raba mutum da makami na ɗan lokaci idan kotu ta same shi barazana ce ga wani. Jihohi sama da ashirin suna da irin wannan doka yanzu, Connecticut ce ta fara a 1999. Kuma fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka kowace shekara kansu suka kashe, a 2021 mutum 48,830 ne suka mutu gaba ɗaya, saboda haka yawancin wanda wannan umarni ke ceta shi ne mai bindigar kansa.

Wata hujjar masu 'yanci ita ce ta tarihi, kuma mu baƙar fata ya kamata mu san ta. Bayan yaƙin basasar Amurka jihohin kudu sun yi dokokin hana 'yantattun bayi riƙe makami, don a bar su ba kariya. A 1967 California ta hana yawo da bindiga mai harsashi a bainar jama'a bayan da 'yan ƙungiyar baƙar fata ta Black Panther suka fara sintiri da makamai, Ronald Reagan ne gwamnan da ya sa hannu. Har a shari'ar Bruen, lauyoyin da ke kare talakawa a New York sun shaida wa kotu cewa kusan duk waɗanda ake ɗaurewa kan riƙe bindiga ba lasisi baƙar fata ne da 'yan asalin Latin Amurka. Wannan bai sa na ƙi dokar bindiga ba. Ya dai koya mini in riƙa tambayar kowace doka: wa za a kama da ita?

Sai maganar malami da bindiga. A dokar 2018 an cire malaman da aikinsu koyarwa ne kawai daga shirin. A 2019 aka gyara, Gwamna Ron DeSantis ya sa hannu, aka buɗe musu ƙofa. Amma ba dole ba ne. Hukumar ilimi ta kowace gunduma ce ke yanke shawarar shiga, malamin ma sai ya nema da kansa, ya yi horon awa 144 a hannun sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma da jama'a ke zaɓa, a gwada lafiyar ƙwaƙwalwarsa, a gwada ko yana shan ƙwaya. Gundumomi da yawa ba su ba malaman aji bindiga ba, sun ɗauki 'yan sanda ko masu gadi da ba su da wani aiki sai tsaron. Florida ta ma fi wasu tsanani: Ohio ta rage horon zuwa awa 24 a 2022, Tennessee kuma a 2024 ta yarda da awa 40. Abin da ke ci wa iyaye tuwo a ƙwarya shi ne doka ta ɓoye sunan wanda aka naɗa, don kada maharin ya san wanda zai fara harbi. Na fahimci dalilin, amma sakamakonsa shi ne uwa ba ta da ikon sanin ko akwai bindiga a ɗakin da ɗanta ke wuni.

Ban yarda da ba malamin aji bindiga ba, kuma ba don ina raina malamai ba. Wani bincike da cibiyar RAND ta yi wa 'yan sandan New York ya nuna cewa idan ana musayar wuta, harsashi 18 cikin 100 ne ke samun wanda aka nufa. Waɗannan mutane ne da harbi sana'arsu ce. Sauran harsasan ina za su tafi a barandar da yara ke gudu? Kuma wanda malamin zai ɗaga wa bindiga sau da yawa ɗalibinsa ne, yaron da ya koya wa lissafi bara. Sannan bindigar tana nan kowace rana ta Allah, shekara da shekaru, a makarantar da wataƙila ba za a taɓa kai wa hari ba, tana jiran ranar da za a manta ta a banɗaki ko aljihun tebur. Hakan ya sha faruwa.

Jami'in tsaro na sosai daban ne, yana da amfani. A sakandaren Apalachee ta jihar Georgia a Satumba 2024, 'yan sandan makarantar ne suka tunkari maharin ya miƙa wuya, bayan ya kashe mutum huɗu. Sai dai kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. A Parkland akwai ɗan sanda mai bindiga a harabar, bai shiga ginin ba, aka gurfanar da shi, aka wanke shi a 2023. A Uvalde jami'ai 376 ne suka taru, suka shafe minti 77 kafin su shiga ajin, yara na buga waya daga ciki suna neman ɗauki. Duk da haka amsar da majalisar Texas ta bayar a 2023 ita ce wajabta mai makami a kowace makaranta, ta bar shekarun sayen doguwar bindiga a 18.

Yanzu ga 'yancin da ba a cika yi wa kururuwa ba, wanda shi ya fi kusa da gidanki. Mai bindiga yana da ƙungiya da lauyoyi da 'yan majalisa. Ɗalibi ba shi da kowa sai iyayensa. Kuma duk lokacin da majalisa ta kasa taɓa bindigar, nauyin tsaron a kan yaron yake sauka: a binciki jakarsa, a sa ido kan abin da yake rubutawa a kwamfutar makaranta, a buɗe masa fayil.

Dokar 2018 ta kafa kwamitin tantance barazana a kowace makaranta, ta samar da manhajar waya mai suna FortifyFL da kowa zai iya kai rahoto ba tare da bayyana sunansa ba, ta kuma mai da rubuta barazanar harbi a intanet babban laifi. Manufar mai kyau ce, domin binciken da hukumar tsaron shugaban ƙasa ta Amurka ta fitar a 2019 kan hare-haren makarantu 41 ya nuna yawancin maharan sun faɗa wa wani niyyarsu tun kafin ranar. Idan aka ji da wuri aka taimaki yaron, an ceci rayuka har da nasa. Matsalar tana wajen aiwatarwa. A 2024 wani sherif a Florida ya wallafa hoto da bidiyon yaro ɗan shekara 11 da aka kama kan barazana, duniya ta gani, abin da zai bi yaron har girmansa. A 2019 an ɗaure hannun yarinya 'yar shekara 6 a wata makaranta a Orlando don ta yi rigima, sai da jihar ta yi dokar hana kama ɗan ƙasa da shekara 7 in ba kan babban laifi ba. A 2020 jaridar Tampa Bay Times ta bankaɗo cewa ofishin sherif na gundumar Pasco yana amfani da sakamakon jarrabawa da tarihin ladabtarwa wajen haɗa jerin sunayen yaran da yake zaton za su zama masu laifi, iyayensu ba su sani ba. Akwai kuma tsohuwar dokar jihar da ake kira Baker Act, wadda ke ba da damar a kai mutum asibitin ƙwaƙwalwa har awa 72 ba da yardarsa ba, kuma ana amfani da ita a kan ɗalibai, har 'yan firamare.

Ki ƙara da cewa 'ya'yanki baƙar fata ne, Musulmi, masu sunan da malami bai saba ji ba. Alƙaluman ma'aikatar ilimi ta tarayya sun daɗe suna nuna ana dakatar da ɗalibai baƙar fata, ana kuma miƙa su ga 'yan sanda, fiye da kasonsu a makarantu. Wataƙila kin tuna Ahmed Mohamed, ɗan asalin Sudan mai shekara 14, wanda aka sa wa ankwa a garin Irving na Texas a 2015 don ya kawo agogon da ya haɗa da hannunsa aka ce bam ne. Wasan da ɗan wani zai yi a ja masa kunne, ɗanki zai yi a kira ɗan sanda. Wannan ba dalili ba ne na ƙin tsaro. Dalili ne na sanin haƙƙin yaro. Tun 1985 Kotun Ƙoli ta ce malami ba ya buƙatar takardar kotu kafin ya binciki ɗalibi, amma sai yana da zargi mai ma'ana, ba zato kawai ba. Tun 1975 ta ce ba a dakatar da ɗalibi sai an gaya masa laifinsa an ji nasa bayanin. Dokar tarayya ta 1974 ta ba ki ikon ganin fayil ɗin ɗanki da neman a gyara abin da ba daidai ba. Kuma tun 2021 dokar Florida ta wajabta wa makaranta ta yi ƙoƙarin samun iyaye kafin a fita da yaro ƙarƙashin Baker Act.

Akwai wuri ɗaya da duk wannan gardamar ke tsallakewa, wato gida. Wancan binciken na 2019 ya gano cewa yawancin ɗaliban da suka yi harbi daga gidan iyaye ko dangi suka ɗauko makamin. Wanda ya kashe mutum biyu a Jami'ar Jihar Florida a Afrilu 2025 yana da shekara 20, dokar shekaru ta hana shi saye, sai ya ɗauki bindigar matar babansa. Jihar Michigan ta nuna wata hanya: bayan yaro ɗan shekara 15 ya kashe ɗalibai huɗu a sakandaren Oxford ta jihar a 2021 da bindigar da iyayensa suka saya masa, kotu ta ɗaure uban da uwar shekara 10 zuwa 15 a 2024, jihar kuma ta wajabta kulle makami a gidan da ke da yara. Florida tana da irin dokar tun 1989, amma ta tsaya kan 'yan ƙasa da shekara 16. Dokar ajiya ba ta ƙwace bindigar kowa, ba ta binciki jakar kowane yaro, kwaɗo da akwatin ƙarfe kawai take nema. Tun 2020 bindiga ce kan gaba wajen kashe 'yan shekara 1 zuwa 19 a Amurka, kuma kaso ƙanƙani ne na waɗannan rayuka ke salwanta a makaranta. Mafi yawa a gida ne da unguwa.

Saboda haka, 'yar'uwa, ga abin da zan ce ki yi. Ki je taron hukumar ilimi ta gundumarku, a buɗe yake ga kowa ko da ba ɗan ƙasa ba ne, ki tambaya ko gundumar ta yarda malaman aji su riƙe bindiga ko masu gadi ne kawai. Wannan za su faɗa miki ko da ba su ba da suna ba. Ki tambayi shugaban makaranta yadda ake atisayen, ko ana sanar da yara tukuna cewa gwaji ne, domin ƙananan yara na firgita sosai idan aka yi shi kamar gaske. Ki tabbatar lambar wayarki da ke fayil ɗinsu tana aiki. Ki zaunar da yaran ki gaya musu ƙarara cewa ba a wasa da maganar harbi ko bam, a baki ko a waya ko a wasan kwamfuta, kuma idan suka ji wani ya faɗa su gaya miki ko malami a ranar. Ki koya musu cewa idan ɗan sanda ya fara yi musu tambayoyi su ce cikin ladabi suna son a kira iyayensu. Kafin yaro ya je wuni gidan abokinsa, ki tambayi uwar gidan ko akwai bindiga kuma ko a kulle take, a can ba abin kunya ba ne, likitocin yara ma suna ba da shawarar a tambaya.

Idan kuma maigidanki ya fara tunanin sayen bindiga don tsaron gida, ya fara duba takardun zamansa. Mai katin zama na dindindin doka ta yarda masa. Wanda ke kan bizar karatu ko aiki ko ziyara dokar tarayya ta hana shi ko da riƙewa, sai a wasu keɓaɓɓun yanayi kamar mai lasisin farauta, kuma saɓa wannan na iya kai mutum kurkuku a kuma kore shi daga ƙasar. Ya ga lauyan shige da fice kafin ya taka shagon.